FASTO BONHOFA: BAWAN ALLAH A OFISHIN LEƘEN ASIRI

A wannan wata muna so mu kawo wa masu karatunmu labarin wani fasto na ƙasar Jamus, wanda aka rataye a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, watau yaƙin da mutanenmu su ke kira Yaƙin Hitila. Sunansa Dietrich Bonhoeffer, amma da ya ke sunan yana da nauyi a bakinmu, za mu riƙa ce masa Bonhofa. Labarinsa ba irin wanda muka saba bugawa ba ne. Ba a kashe shi domin ya ƙi yi wa gunki sujada ba, ba kuwa domin an kama shi yana wa'azi a kasuwa ba. An kashe shi domin ya shiga ofishin leƙen asiri na sojan ƙasarsa, yana tafiya da takardunsu, alhali kuwa a ɓoye yana aiki tare da masu neman tumɓuke Hitila. Me ya kai bawan Allah cikin irin wannan sha'ani? Mu ma mun yi wa kanmu wannan tambaya. Bari mu bi labarin tun daga farko, kowa ya auna da kansa.

Asalinsa da karatunsa

An haife shi ran 4 ga watan Fabrairu, 1906, a birnin Breslau, wanda a lokacin ya ke cikin Jamus, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Polan. Su takwas ne a ɗakin uwarsu, shi ne na shida, kuma tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa Sabine. Ubansa babban likita ne na masu taɓin hankali. A 1912 aka kira shi koyarwa a jami'ar Balin, sai gidan duka suka koma can. Gida ne na ilimi da wadata, amma ba masu yawan zuwa majami'a ba ne, ko da ya ke uwar ta kan koya wa yaran Littafi Mai Tsarki a gida. A 1918 aka kashe wansa Walter a fagen Yaƙin Duniya na Farko. Bayan wannan ba da daɗewa ba, yaron ya gaya wa 'yan gidansu shi karatun tauhidi zai yi. Yayyensa suka yi masa ba'a, gama a ganinsu ekklesiya aba ce marar ƙarfi. Amma bai janye ba.

Allah ya ba shi kaifin hankali ƙwarai, har ya sami digirin dakta a 1927, yana da shekara 21 kaɗai. Ya yi shekara guda yana mataimakin fasto a wata ekklesiyar Jamusawa a Barcelona, ƙasar Sifen. A 1930 ya tafi ƙarin karatu a birnin New York na Amurka. A can wani ɗan makarantarsu baƙar fata, mai suna Frank Fisher, ya kai shi wata babbar majami'ar Baftis ta baƙaƙen fata a unguwar Harlem. Bonhofa ya ji wa'azin Kristi a bakin mutanen da aka daɗe ana dannewa, abin ya shiga zuciyarsa. Ya zama malamin Makarantar Lahadi a wurinsu, ya sayi faifan garmaho na waƙoƙinsu ya koma da su gida. Ya kuma ga wulakancin da a ke yi wa mutum saboda launin fatarsa. Wata rana suka shiga gidan abinci, aka ƙi sayar wa abokinsa, sai shi ma ya tashi ya fita. Ya koma Jamus a 1931, aka naɗa shi fasto cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

Hitila da ekklesiya

Ran 30 ga Janairu, 1933, Hitila ya hau mulki. Kwana biyu bayan haka Bonhofa ya yi jawabi a gidan rediyo, yana gargaɗi cewa shugaban da ya yarda mutane su mai da shi gunki zai zama mai ɓad da su. Kafin ya kai ƙarshen maganar aka yanke shi.

Ba a jima ba aka fara tsananta wa Yahudawa, ana korarsu daga aikin gwamnati. Abin baƙin ciki shi ne, wata babbar ƙungiya cikin ekklesiya ta bi bayan Hitila, har suka nemi a cire kowane fasto mai jinin Yahudawa daga aikinsa, ko da an yi masa baftisma tun yana jariri. Cikin watan Afrilu na 1933 Bonhofa ya rubuta cewa abu uku ne wajibin ekklesiya idan hukuma ta zalunci mutane. Na fari, ta tambayi hukuma ko abin da ta ke yi daidai ne. Na biyu, ta ɗaure raunukan waɗanda aka take, ko su masu bi ne ko ba masu bi ba. Na uku, idan zalunci ya wuce iyaka, ta tare ƙafar keken da ke take su. Wannan na ukun ne daga baya ya ci ransa.

Shi da Fasto Martin Niemöller da waɗansu suka tsaya, daga cikin tsayawarsu aka sami abin da a ke kira Ekklesiya Mai Shaida, wadda ta bayyana a taron Barmen na 1934 cewa Yesu Kristi kaɗai ne Shugaban ekklesiya. Daga ƙarshen 1933 zuwa 1935 Bonhofa yana Landan, yana kiwon ekklesiyoyi biyu na Jamusawa. A nan ya ƙulla abuta da Bishop George Bell na Chichester. Masu karatu su riƙe wannan suna, gama za mu sake gamuwa da shi.

A 1935 aka kira shi gida ya shugabanci makarantar horar da fastoci a wani ƙauye mai suna Finkenwalde. Malami da 'yan makaranta suna zama wuri ɗaya, suna addu'a safe da yamma, suna furta wa juna zunubansu, wani lokaci su saurari faifan nan na Harlem. A wannan zamani ya rubuta littafinsa a kan bin Yesu, inda ya tsauta wa masu son gafara ba tare da tuba ba. A 1937 'yan sandan ciki na Hitila, waɗanda a ke kira Gestapo, suka rufe makarantar, suka kulle almajiransa 27 kafin shekara ta ƙare. A 1938 tagwainiyarsa Sabine da mijinta, wanda ya ke da jinin Yahudawa, suka gudu zuwa Ingila.

Ya tsira, ya komo

Da shekara ta 1939 ta kama, kowa ya ga yaƙi yana tafe. Bonhofa ya san za a kira shi soja, ya kuma san lamirinsa ba zai bar shi ya ɗauki bindiga domin Hitila ba. Wanda ya ƙi kuwa, hukuncinsa kisa ne. Abokansa na Amurka suka nema masa aiki, ya sauka New York cikin watan Yuni. Ga abinci, ga littattafai, ga kwanciyar rai, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Ya ga cewa idan bai sha wahalar wannan zamani tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana cikin gyaran ekklesiya bayan yaƙi. Bai cika wata guda ba ya shiga jirgin ruwa ya komo. Ran 1 ga Satumba yaƙi ya ɓarke.

A 1940 aka hana shi yin magana a gaban jama'a, aka ce kuma ya riƙa kai kansa wurin 'yan sanda a kai a kai. A 1941 aka hana shi buga littafi. Ga fasto ba mumbari, ba makaranta, ba alƙalami.

Akuya da fatar kura

Mijin yarsa Christine, wani lauya mai suna Hans von Dohnanyi, yana aiki a ofishin leƙen asiri na soja, wanda Jamusawa ke kira Abwehr. Shugaban ofishin shi ne Admiral Canaris, ƙarƙashinsa kuma akwai wani hafsa mai suna Hans Oster. Abin mamaki shi ne, a cikin wannan ofishi ne masu ƙulla shawarar kawar da Hitila suka ɓuya. Dohnanyi ya daɗe yana tara takardun shaida a kan mugayen ayyukan gwamnati, ta wurinsa kuma Bonhofa ya san irin kisan da a ke yi a Polan da sauran wurare, tun yawancin mutane ba su sani ba.

Wajen ƙarshen 1940 suka sa sunansa cikin ma'aikatan ofishin, suka haɗa shi da reshen birnin Munich domin ya yi nisa da idon 'yan sandan da ke binsa. Hujjar da suka bayar ita ce, fasto ne mai abokai da yawa cikin ekklesiyoyin ƙasashen waje, zai iya jiyo wa soja labari. Ta haka aka hana a ɗauke shi soja, aka kuma ba shi fasfo. Mun saba jin kura da fatar akuya. Wannan kuwa akuya ce ta yafa fatar kura. A bisa takarda yana kai wa Jamus labarin waje, amma a gaskiya yana kai wa waje labarin Jamusawan da ba su durƙusa wa Hitila ba.

Wannan hali yana bukatar fuska biyu, shi ma ya sani. Abokinsa Eberhard Bethge ya ba da labari cewa a watan Yuni na 1940 suna zaune a wani wurin shan shayi a garin Memel, sai aka yi shela Faransa ta faɗi. Jama'a suka miƙe suna murna, suna ɗaga hannu irin gaisuwar Hitila. Bethge ya yi sororo, sai ya ga Bonhofa ma ya ɗaga nasa hannu, yana raɗa masa ya ɗaga, domin akwai abubuwa masu nauyi a gaba waɗanda za su sa ransu a kai, bai kamata a kama su a kan gaisuwa ba.

Ya tafi Siwizalan sau uku, a 1941 da 1942, yana ganawa da shugabannin ekklesiyoyi a Janiba. Waɗansu tsofaffin abokansa suka fara shakkarsa, har da babban malamin tauhidi Karl Barth, gama sun kasa gane yadda mutumin da gwamnati ta rufe wa baki ya sami izinin ƙetare iyaka a tsakiyar yaƙi. Cikin Afrilu na 1942 aka aike shi Norwe, inda fastoci suka yi wa gwamnatin 'yan koren Hitila tawaye. Ofishin ya ce ya tafi ne ya duba yadda rikicin ke damun sojan Jamus, amma shi ƙarfafa fastocin ya yi.

Tafiya mafi girma ita ce ta Suwidin. Ya ji Bishop Bell yana can, sai ya bi shi, suka gamu a garin Sigtuna ran 31 ga Mayu, 1942. Ya gaya masa sunayen manyan da ke cikin shawarar, har da Janar Beck, ya roƙe shi ya tambayi gwamnatin Ingila ko za ta yarda ta yi sulhu da sabuwar gwamnati idan an kawar da Hitila. Faɗin waɗannan sunaye ga mutumin ƙasar abokan gaba, a dokar Jamus cin amanar ƙasa ne. Bell ya shaida daga baya cewa Bonhofa bai nemi a sauƙaƙa wa Jamus ba. Ya ce wajibi ne ƙasarsa ta karɓi horon Allah, abin da su ke shirin yi kuma ya zama aikin tuba. Bell ya kai saƙon wurin Anthony Eden, Ministan Harkokin Waje na Ingila, amma cikin watan Yuli aka amsa cewa ba za a mayar da jawabi ba.

Akwai wani aiki kuma. Dohnanyi ya shirya a fitar da waɗansu Yahudawa zuwa Siwizalan da sunan su ma'aikatan leƙen asiri ne. Da fari mutum 7 aka nufa, daga baya suka zama 14. Bonhofa ya roƙi shugabannin ekklesiya na Siwizalan su taimaka a karɓe su, cikinsu har da Charlotte Friedenthal, wata ma'aikaciyar Ekklesiya Mai Shaida. Cikin Satumba na 1942 duka suka ƙetare lafiya. Amma kuɗin da aka aika domin ciyar da su ya bar sawu, Gestapo kuwa suka bi sawun.

A kurkuku

Cikin Janairu na 1943 aka yi masa baiko da wata budurwa, Maria von Wedemeyer. Ran 5 ga Afrilu aka kama shi a gidan iyayensa, aka kama Dohnanyi ma a ranar. Aka kai shi kurkukun soja na Tegel a Balin, ya yi wata 18 a can. A lokacin masu bincike ba su san zancen kashe Hitila ba tukuna. Abin da su ke tuhumarsa da shi shi ne gudun aikin soja. Sai ya mai da kansa kamar fasto marar wayo wanda bai san kome game da sha'anin ofis ba. Ya ɓoye gaskiya, ya faɗi abin da ba haka ya ke ba, domin kalma ɗaya za ta iya kai mutane da yawa ga igiya. 'Yan gidansu su kan aiko masa da littattafai, da ɗan ɗigon fensir a ƙarƙashin harafi ɗaya ɗaya, ana karantawa daga bayan littafi zuwa gaba. Ta haka shi da Dohnanyi suka riƙa daidaita bakinsu.

Wannan abu ya dame shi, har ya zauna a ɗakin kurkuku ya yi rubutu a kan ma'anar faɗin gaskiya. Ya kawo misalin malamin da ya tambayi yaro a gaban 'yan aji ko ubansa ya kan komo gida a buge. Yaron ya ce a'a, alhali haka ne. A ganin Bonhofa laifin ya fi nauyi a kan malamin, gama ya tambayi abin da ba shi da ikon tambaya a wurin.

Duk da haka bai daina aikin fasto ba. Ya kan yi wa fursunoni addu'a, ya kan kwantar musu da rai sa'ad da jiragen sama ke jefa bam a birnin, ya rubuta musu addu'o'in safe da na yamma. Waɗansu gandirobobi suka ƙaunace shi, ɗaya daga cikinsu ya riƙa fitar masa da wasiƙu a ɓoye zuwa ga Bethge. Waɗannan wasiƙu ne aka buga bayan yaƙi, aka juya su cikin harsuna da yawa.

Ran 20 ga Yuli, 1944, wani hafsa mai suna Stauffenberg ya ajiye bam kusa da Hitila. Bam ya tashi, amma Hitila ya tsira. Cikin Satumba aka tono takardun da Dohnanyi ya ɓoye, asiri ya tonu. Gandiroban nan ya shirya ya fitar da Bonhofa cikin kayan leburori su gudu tare. Amma a kwanakin nan aka kama wansa Klaus, sai ya fasa, domin kada a huce a kan iyayensa da sauran dangi. Ran 8 ga Oktoba aka mai da shi kurkukun Gestapo, cikin Fabrairu na 1945 kuma aka kai shi sansanin Buchenwald.

Ƙarshensa

Da sojan Amurka suka matso, aka kwashe waɗansu fursunoni cikin mota zuwa kudu, aka sauke su a wata makaranta a ƙauyen Schönberg. Ran Lahadi, 8 ga Afrilu, mako guda bayan Ista, suka roƙe shi ya yi musu sujada. Da fari ya yi jinkiri, domin yawancinsu 'yan Katolika ne, akwai kuma wani saurayi ɗan Rasha wanda ba mai bi ba ne, ba ya so ya tilasta masa. Da saurayin ya ce shi ma yana so, sai ya karanta musu daga Ishaya sura 53 da 1 Bitrus sura 1, ya yi addu'a. Yana gamawa mutum biyu suka shigo suka kira sunansa. Ya bar saƙon gaisuwa zuwa ga Bishop Bell a hannun Payne Best, wani hafsan leƙen asiri na Ingila da ke tsare tare da su.

A daren aka kai shi sansanin Flossenbürg, aka yi musu shari'ar gaggawa, ba lauya, ba mai kāre su. Da asuba, ran 9 ga Afrilu, 1945, aka rataye shi tare da Canaris da Oster da waɗansu. Yana da shekara 39. Aka ƙone gawarsa, shi ya sa ba shi da kabari. Mako biyu bayan haka sojan Amurka suka kama sansanin, ran 30 ga wata kuma Hitila ya kashe kansa. Gidan nan ɗaya ya rasa 'ya'ya maza biyu da surukai biyu cikin wannan wata. Ran 27 ga Yuli aka yi sujadar tunawa da shi a Landan, Bishop Bell ya yi wa'azi, tsofaffin iyayensa suna saurara ta rediyo a Balin.

Me za mu ce?

Ekklesiyarsa ma ta rasa yadda za ta yi da shi. Sa'ad da ya ke kurkuku ba a sa sunansa cikin jerin waɗanda a ke yi wa addu'a a majami'u ba. Bayan yaƙi waɗansu shugabanni suka ƙi lissafta shi cikin masu mutuwar shahada, suna cewa siyasa ce ta kashe shi. Sannu a hankali ra'ayi ya juya. A 1998 aka kafa siffarsa a ƙofar babbar majami'ar Westminster a Landan, cikin shahidai 10 na ƙarni na 20, tare da Akbishop Janani Luwum na Yuganda.

Masu shakka suna da hujja, kada mu raina ta. Romawa sura 13 ta koya mana biyayya ga hukuma. Ban da haka, jarin mai wa'azi shi ne a gaskata maganarsa. Idan aka sami ɗan leƙen asiri ɗaya cikin rigar fasto, wake ɗaya ya ɓata gari, za a zargi sauran duka. Mun san yadda zato kaɗai ya ke yi wa aikin bishara ɓarna: a 1917 Turawan Ingila suka kwashe 'yan mishan Jamusawa daga Gwalkwas, watau Gana ta yau, ekklesiyoyi suka wayi gari ba malamansu.

Amma Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin ungozomomin Ibraniyawa da suka ruɗi Fir'auna, da Rahab wadda ta ɓoye magewaya, da firistoci Zadok da Abiyata waɗanda suka zauna a Urushalima suna aika wa Dauda labari a zamanin tawayen Absalom. Bonhofa kansa ya kawo misali cewa idan mahaukaci ya shiga mota yana take mutane a hanya, aikin fasto bai tsaya ga binne matattu da yi wa dangi ta'aziyya ba, sai ya yi ƙoƙari ya fizge sitiyari.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, bai taɓa kiran aikin nan mai tsabta ba. Ba kuɗi ya kai shi ba, ba neman girma ba, ba kuwa domin ƙabilarsa ta ci nasara ba. Ya shiga ne bayan an toshe kowace hanya ta fili, domin mutanen da ba addininsu ɗaya da shi ba. Ya ɗauka cewa laifi ne ya ke ɗora wa kansa saboda waɗansu, ya kuma ga cewa mai naɗe hannu domin ya tsare tsabtar kansa shi ma bai kuɓuta daga laifi ba. Bai nemi mutane su wanke shi ba, ga jinƙan Allah kaɗai ya dogara.

Domin wannan, 'yan'uwa, kada wani ya fake da sunan Bonhofa ya sayar da asirin garkensa ga mai mulki, ko ya mai da mumbari wurin neman abin duniya. Kada kuma wani ya fake da biyayya ya yi shiru sa'ad da a ke jan maƙwabcinsa zuwa mayanka. Yawancinmu ba za a kai mu inda aka kai shi ba. Amma aikin fari da na biyu da ya ambata, watau faɗa wa hukuma gaskiya da ɗaure raunin wanda aka zalunta, suna gabanmu kowace rana. Da ekklesiyar Jamus ta yi su da ƙarfi a 1933, wataƙila da ba a kai ga na uku ba.

Ubangiji ya ba shugabannin ekklesiyoyinmu hikima da ƙarfin hali, ya kuma tsare mu daga ranar irin wannan gwaji. Amin.